Tsumman Magazar Bariki

Na koyi rubutu bayan haƙorana na gaba sun zube. A rumfar karatun manya aka zaunar da ni tsakanin matan da ni na yi wa wankan jego, suna dariyar yadda nike riƙe alƙalami kamar muciya. Su yi ta yi. Magana guda gare ni da nike so ta zauna a takarda, don na gaji da faɗinta da baki ana ce mani tsufa ne. Maganar mijina ce da wutar da ta cinye magazar bariki a nan Dakoro zamanin Nasara. Shi bai cinna ta ba. Ni ma ban cinna ta ba, amma hannuna ne ya tara mata abin ci.

Mijina masassaƙi ne, mutumin wajen Sabon Maci. Yana sassaƙa turmi da akushi da kujerar mata, da kwamin ban ruwa da makiyayan Azagor ke saye ran kasuwa su ɗora bisa raƙumi. Ba shi da yawan magana. In ya ce maka turmin nan zai ga jikokinka, to zai gan su. Da Nasara suka zo kafa bariki aka bi gari ana neman masu aikin hannu, aka kai shi wurin wani Nasara mai kula da gini, dogo mai jan wuya, wanda duk Hausarshi ba ta wuce "zo" da "maza" da zagi biyu ba. Aka koya wa mijina zarto da ƙusa, aka ce yanzu shi minizye ne, wato kafinta, aka rataya mishi makullin magaza a wuya. Magazar ɗaki ce mai rufin kwano. A ciki ake ajiye katakon da kamyo, babbar motar kaya, ke kawowa daga kudu, da ƙofofi da tagogin da aka gama.

Ni kuwa ina cikin matan da ke kai ruwa bariki. Wanda bai ɗauki ruwan Dakoro a ka ba, kada shi ce mani ya san ruwa. Rijiyarmu sa ke jan ta, sai ya yi tafiya har ka ga ya ƙanƙance kafin wasaki, gugan fata, shi fito. Ga Fulani da Buzaye da dabbobinsu, kowa na jiran nashi. A gidajenmu ruwa ba ya aiki guda. Wanda aka wanke hatsi da shi akuya ke sha, wanda aka yi wa yaro wanka da shi ake kwaɓa ƙasa. Tulu shida nike kaiwa bariki kullum, tsakar kaina har yau babu gashi.

Akwai wani mai da Nasaran ginin ke sa a shafa wa ƙofofi. Cikin garwa yake zuwa daga ƙasarsu, launin zuma, warinshi kamar na busasshen kifi. Mu man ƙofa muke ce mishi. Abin da ya ɗaure mani kai da shi, bushewa yake. Man gyaɗa na sani, man shanu na sani, in sun daɗe gafi suke yi amma ba su bushewa. Wanga in aka bar garwa buɗe kwana biyu, sai ka tarar ya yi fata a sama, ka ja ta da yatsa ta biyo ka. Ƙofar da ta sha shi kuwa, ka watsa mata ruwa shi gangare.

Da ƙyalle ake shafa shi, kuma ba wai tsohon tsumma ba. Farin akoko ne sabo fil, Nasaran ke yago shi daga bandir. Lokacin zanena biyu ne, ɗaya ya sha rana har ana ganin ƙafata ta cikinshi. Mace a garin nan ba ta yar da ƙyalle. In zane ya mutu ya koma majanyi, majanyi ya koma gammo, gammo ya koma lagwanin fitila ko abin toshe bakin gora. Uwata da ta rasu ƙullin tsumma na cikin abin da na gada, kuma na yi murna da shi.

Dokar Nasaran ita ce, duk ƙyallen da aka gama shafa mai da shi a jefa shi cikin bokiti cike da ruwa a bakin magaza, da marece a gina rami a binne. Da hannu ya nuna, ya ce maza. Bai faɗi dalili ba. Tafinta yana nan a biro, ofishin bariki, taku ashirin daga wurin, amma ba a kiran tafinta don a yi wa masassaƙi bayani.

Na ce wa mijina, "Maigida, ruwan da na ɗauko da wuyana shi ake jiƙa tsumma a binne?"

Ya ce, "Haka ya ce."

"Don me?"

"Ke, ina na sani? Wataƙila tsafinsu ne. Mutanen da ke fyace majina cikin ƙyalle su mai da aljihu, me za su yi ki yi mamaki?"

"To ka ba ni in wanke da toka."

"Ki rufa mani asiri. Abin bariki ko ƙusa ce, in ta fita sata ce."

Ban haƙura ba. Kullum na zuba tulu cikin bokitin nan sai in ji kamar cikin rami nike zubawa.

Wata rana cikin bazara mijina ya yanke katako ya gaza da yatsa biyu. Ya saba awo da taƙi da kamu, abin awon Nasara bai gama zauna mishi ba. Nasaran ginin ya mare shi gaban leburori, gaban mu matan ruwa. Mutumin da ya haifi ƴaƴa uku. Hularshi ta faɗi, ya sunkuya ya ɗauka ya kaɗe ya sa, ya koma kan zarto. Da muka zo gida da marece ni na yi ta faɗa. Bakina bai taɓa samun linzami ba. Na ce, "Allah shi ƙone su, su da katakonsu." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ke, bari." Na sake faɗi, har da ƙari.

Kwana biyu bayan nan ya shafa mai ga ƙofofin gida guda tun da sassafe. Da na iso da tuluna na farko na tarar bokiti a bushe, ƙyallaye tuli guda a gefenshi suna jiran ruwa, sun kai ashirin. An kira mijina can wani gefen bariki kafa tagogi, ya bar magaza buɗe. Babu kowa. Na tsaya da tulu a kai ina kallon farin akokon nan. Sai na wuce da ruwan madafa na juye a randa, na dawo na kwashe ƙyallayen kaf. Ba zan iya fita da su da rana ba, akwai gardi a ƙofar bariki. Na samu kwando cikin magaza na cusa su, na danna da ƙafa don kada su yi tudu, na zuba dusar zarto a kai, na rufe da buhu, na tura bayan katako. Niyyata da marece in ya buɗe zai ajiye kayan aiki, in zuba su cikin tulu in fita da su.

Da hantsi ya yi sosai na leƙa in ga ko an taɓa. Na sa hannu cikin kwandon. Ɗumi na ji, kamar ka sa hannu ƙarƙashin kaza mai kwanci. Na ce rufin kwano ne da rana, na tafi abina. Da rana ta take mijina ya zo ya kulle magaza, ya ga babu tsumma a bakin bokiti, ya ɗauka wani lebura ya binne.

Bayan azahar, Nasara duk suna barcinsu na rana, hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin kwano. Mijina na gindin aduwa bai daɗe da sallame salla ba. Kafin shi ruga shi buɗe, ciki ya kama. Da me za a kashe? Ruwan bariki duka bai wuce randa uku ba. Aka yi ta watsa rairayi. Da wutar ta kai ga garwanin mai sai kowa ya ja baya. Kafin la'asar kwano ya lanƙwashe ya zauna bisa toka.

Washegari da safe aka fito da tebur gaban biro. Kwamanda, babban Nasaran garin, ya zauna, tafinta tsaye a gefenshi, Nasaran ginin ya jingina da ginshiƙi. Mijina durƙushe a ƙasa, gardi biyu a bayanshi. Shari'ar ba ta da tsawo. Ƙofa a kulle take, makulli a wuyanshi yake, an mare shi kwana uku da suka wuce gaban jama'a. Me ya rage?

Na kutsa cikin mutane na faɗi gaban tebur. Na ce, "Ranka shi daɗe, ni na sa tsumma a ciki."

Tafinta ya ce, "Ke, wane tsumma? Ana maganar wuta kina maganar tsumma?"

Na ce, "Kai dai faɗa mishi. Tsumman man ƙofa. Ban sa su ruwa ba, na cusa cikin kwando na rufe da buhu. Da hantsi na taɓa na ji ɗumi."

"To sai me? Tsumman ne ya ƙyasta ashana?"

"Ni ban sani ba. Faɗa mishi."

Ya juya ya faɗa da Faransanci yana dariya. Gardi suka yi dariya, mutane ma suka taya su. Ni Nasaran ginin nike kallo. Bai yi dariya ba. Jan wuyan nan nashi ya koma fari, ya sauke ido bisa takalminshi. Kwamanda ya juya ya yi mishi wata gajerar tambaya. Nasaran ginin ya ɗaga kafaɗa. Iyakar abin da ya yi ke nan, na gani da idona.

Sai na ji muryar mijina. Ya ce, "Ƙarya take. Ni na cinna, da ashana. Matar nan ba ta san komi ba, ruɗewa ta yi."

Na juya na dube shi, shi ma ya dube ni. A idonshi na ga maganar da na yi da marecen nan, ta Allah shi ƙone su. Ya ɗauka na cika ta da hannuna, kuma yanzu na zo ina kewaye-kewaye zan kai kaina. Sai ya riga ni.

Tafinta ya ce, "To kin ji. Tashi ki ba mutane wuri." Na yi ihu na ce ƙarya yake, ko taba ba ya sha, ina zai ga ashana. Gardi ya ja ni da majanyi kamar akuya.

Aka kulle mijina a kaso, aka wuce da shi kudu fasa dutsen hanya. Damina uku ya yi. Nasaran ginin kuwa aka kawo mishi sabon katako, ya gama gininshi ya tafi ƙasarsu. Ni aka kore ni daga ruwan bariki, na koma yi wa mutane surfe.

Mijina ya dawo da tari, da hannun dama da ba ya rufuwa sosai. Wannan da sauƙi. Abin da ya fi shi ne garin. Ba wanda ya zage shi a ido, amma in ya bi ta kusa da rumbun mutum sai ka ga mai rumbun ya fito ya tsaya. Makiyayan da ke sayen kwaminshi suka koma wurin wani. Wasu kuma a ɓoye suna yaba mishi, wai namiji ne ya rama mari. Wannan yabon ya fi ƙona mishi rai. Ya koma sassaƙa muciya da ludayi a zaure, ni nike kaiwa kasuwa don a hannuna an fi saye.

Na sha tayar da maganar. Wata safiya yana fiƙe muciya na zauna gabanshi na ce, "Maigida, wallahi ban cinna wutar nan ba."

Ya ce, "Na ji."

"Ba ka ji ba. Tsumma kawai na ɓoye."

"To."

"A kawo Alƙur'ani in dafa."

Ya ajiye gizago. Ya ce, "Kada ki dafa. Ina so ki gama da duniya lafiya. Don ni kika yi, na sani. Na yafe tun ina can."

Na tashi na shiga ɗaki. Da ya mare ni da ya fi mani. Shekara tara ya ƙara a duniya, bai taɓa ɗaga mani murya ba, kuma bai taɓa yarda da ni ba. Ya mutu yana yafe mani abin da ban yi ba.

Na je wurin malamai, na je wurin masu duba. Wani ya ce aljannu ne, an gina bariki bisa hanyarsu. Wani ya ce bakina ne ya kama. Har ni kaina na fara cewa ko dai bakin nawa ne. Na daina faɗin Allah shi ƙone ko da kan ɓera.

Haka na zauna har na ga jikoki. Cikinsu akwai ɗiyar ɗana na fari, wadda ta yi lakwal, makarantar boko, har ƙarshe, yanzu tana koyar da abin da suke kira shimi a Maradi, ilimin yadda abu ke haɗuwa da abu shi koma wani abu. Ta zo hutu tana shan fura a ɗakina, ta ce wai a wurin biki wata ta kira ta jikar mai wutar bariki, me ke nan? Na ba ta labari kamar yadda na rubuta nan. Da na kai wurin ɗumin kwando sai ta ajiye ludayi.

Ta ce, "Kaka, man nan yana yin fata a sama?"

Na ce, "Wa ya faɗa maki?"

Ba ta amsa ba. Da ta sake zuwa ta zo da kwalba daga wurin masu sayar da kayan fenti. Tana buɗewa warin kifin nan ya bugi hancina, sai da na dafa bango. Ta yayyaga tsohon farin zane ta jiƙa da man ta matse, ta cusa cikin tsohuwar garwa mai huji, ta zuba dusar zarto, ta rufe da buhu, ta ajiye tsakar gida nesa da danni. Ta ce, "Tsohuwa, zauna ki tsare ta da idonki, kada ki ce na sa ashana."

Na ce, "Ja'ira, in kika ƙone mani gida ke za ki gina."

Muka zauna a inuwa tun hantsi, tana yi mani bayani. Ta ce man nan, kamar kowane abu, ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace da hannuwanta riƙe da juna. In iska ta shige shi sai ta fizge wa ƙwaya guda abin da ke hannunta, ta bar ta da hannu a sake. Mai hannu a sake ba ta iya zama, sai ta fizge na maƙwabciyarta, ita ma waccan ta fizge na gaba, abu ya yi ta tafiya ba mai tsayar da shi. A lakwal radikal suke ce ma irin wannan ƙwaya. Wasu kuma in sun rasa abin kamawa sai su kama juna, su yi ta sarƙewa har su zama abu guda mai tauri. Ita ce fatar da nike gani a bakin garwa, shi ya sa ƙofa ke bushewa. Ta ce gafin man gyaɗa ma aikinsu ne, sai dai shi a hankali yake yi.

Na ce, "To ina wuta a nan?"

Ta ce kowace fizga tana fitar da ɗan zafi. In bisa ƙofa ne iska na kwashe shi. In cikin tsumma ne da aka dunƙule aka rufe, zafin ba shi da hanyar fita, kuma zafi ƙara masu sauri yake. Zafi ya kawo fizga, fizga ta kawo zafi, har zane shi kama. Ruwan bokiti kuwa hana iska shiga yake.

Na ce, "Wato ba tsafi ba ne."

Ta ce, "Ba tsafi ba ne, Kaka. Duk mai aiki da man nan a ƙasarsu ya san haka. Wanda ya sa dokar bokiti ya san abin da yake tsoro."

Da azahar ta ce in taɓa jikin garwa. Ɗumin kaza mai kwanci, shi ne dai. Na janye hannuna na koma na zauna. Kafin la'asar wari ya sake, hayaƙi ya fara fitowa siriri ta gefen buhu. Ta ɗaga buhun da sanda, wuta ta tashi. Ba ashana, ba aljani, bakina kuma bai tsine wa kowa ba tun safe.

Jikata ta yi tsammanin zan yi murna. Na zauna ina kallon garwar har ta cinye. Na duba a raina wa zan kira shi zo shi gani. Tafinta ya mutu, gardin sun mutu, matan da muka ɗauki ruwa tare duk sun tafi. Wanda nike so shi gani ya fi shekara talatin a ƙasa.

Abin da ke cina shi ne ƙanƙantar maganar. "Man nan yana kama wuta da kanshi." Da Nasaran nan ya sa tafinta ya faɗa mana haka sau guda, da na zuba tulu goma cikin bokitin ban ce uffan ba. Mu ba dabbobi ba ne, mun san tsoron wuta, rumbunanmu na kara ne. Bai faɗa ba da farko don bai ga mun isa a yi mana bayani ba. A gaban tebur kuma, da na kawo mishi maganar har ƙafarshi, ya gane sarai, na ga wuyanshi. Da ya buɗe baki da an tambaye shi ina yake lokacin da aka bar tsumma a ƙasa. Sai ya ɗaga kafaɗa, mijina ya tafi fasa dutse.

Bayan wannan ne na shiga rumfar karatu. Shekara biyu kafin in iya haɗa baƙi, wannan takardar kuma ta ci mani wata huɗu. Na ce wa jikata ta buga ta da yawa, duk wanda ya sake kiran jinina jikan mai wutar bariki a miƙa mishi guda, in bai iya karatu ba shi zo in karanta mishi da kaina.

Ni na kwashe tsumma, ni na danna da ƙafa, ni na rufe da buhu. Wannan nawa ne, na ɗauka, da shi za ni kabari. Mijina bai cinna wuta ba, ƙarya ya yi don ni. Malamin unguwarmu ya ce in yafe wa Nasaran nan tunda shi ma yanzu ƙasa ta rufe shi. Na ce mishi mijina ya riga ya yi yafewar gidanmu duka, ni bai rage mani ba.